Ina gamba ta shige? Ta tudu ce ko ta fadama?

Ɗan_Tsakuwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya na je gida gyaran dangar tsohuwarmu, iskar farkon damina ta kwantar da ita tun tuni. Na ce a samo zana, sai aka ce mini sai ranar kasuwa, kuma daga nesa ake kawowa a mota. Abin ya ɗaure mini kai. Mu da muka tashi a ƙauyenmu a ƙasar Katsina, in ka fita bayan gari da kaka gamba ce ke shanye mutum duk tsayinsa, akuya in ta shiga sai dai ka bi kukanta. Yanzu na zaga wurin nan kaf, ban ƙirga gindi goma ba. Tambayata ita ce: gamba asali ina ne mazauninta, tudu ko fadama? Kuma ita da ba shuka ta ake yi ba, me ya kashe ta? Ni dai shanu nake zargi.

Bello_Ruga:
Wa alaikumus salam. Kullum dai shanu. Malam Ɗan_Tsakuwa, lokacin da kake bin kukan akuyar nan ba shanu a ƙasarku? Akwai su, kuma gamba na nan. Ka faɗa mana gaskiya, wurin da ka zaga ɗin yanzu daji ne ko gona?

Ɗan_Tsakuwa:
Gona ce, rabinsa kuma an yanka filaye.

Bello_Ruga:
To ka ba kanka amsa.

Uwar_Biyu:
Ni a fadama na san ta. A garinmu gefen rafi take, ƙasa mai laka.

Malam_Lauje:
Hajiya, anya ba jema kike nufi ba? Jema ce ke son gindinta cikin ruwa. Gamba ta tudu ce, jigawa take so da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Shekara ashirin ina yankanta, ban taɓa shiga taɓo don ita ba.

Uwar_Biyu:
Malam, na san jema, da ita ake yin faifai a gidanmu. Wannan gamba ce, mai farin layi a tsakiyar ganye.

Ɗan_Shika:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, kada ku ɓata. Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus, kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ke fitowa a wuraren da ruwa kan malale na ɗan lokaci da damina, ita ce Hajiya ta sani. Akwai ta tudu mai gashi-gashi a ganye, wadda ta fi yawa a ƙasar Hausa, ita ce ta Malam_Lauje. Akwai ma wata gajeruwa da ke jure fari can arewa wajen bakin Sahel.

Mazauninta shimfiɗaɗɗen dajin nan ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, tun daga Senegal har Sudan, ta kuma gangara har kudancin Afirka. Ba ta shiga kurmi mai duhu don tana son rana, ba ta kuma zama a hamada. Tana rayuwa inda ruwan shekara ya kama daga milimita 400 zuwa 1500, kuma tana jure rani ko da na wata tara ne. In ta sami wuri takan kai mita uku, wani lokaci huɗu.

Abin da ya raba ta da kyasuwa da ƙarangiya da burburwa shi ne su shekara ɗaya suke yi, su zubar da iri su mutu. Ita gamba gindinta na nan shekara da shekaru. Wanda ya taɓa tono ta zai ga saiwa kala uku: sirara masu bazuwa kusa da sama don lasar yayyafin farko, masu kauri kamar igiya da ke ajiye abinci suna riƙe gindin, da masu nutsawa ƙasa neman laima. Wannan ƙarfin nata shi ne kuma rauninta. Ciyawar shekara ɗaya ko ka nome ta, irinta na cikin ƙasa yana jiran ruwa. Gamba in garma ta tumɓuke gindin, an kashe abin da ya ɗauki shekaru yana ginuwa.

Na_Gaya:
Kun ji ko? Gayanus. Ashe daga Gaya aka samo ta. Mu dama mun san ba banza muke ba.

BaMaradi:
Wace Gayar? Mu ma muna da tamu Gaya a jihar Dosso, bakin kogin Kwara.

Ɗan_Shika:
Ku kwantar da hankali, ba ko ɗaya. Wani Bajamushe masanin tsirrai mai suna Kunth ne ya raɗa mata sunan, don girmama wani Bature ɗan'uwansa masani da ake kira Gay. Amma ga abin da za ku yi alfahari da shi ku duka: sunan da duniya ta fi saninta da shi namu ne. Har a Ostireliya gamba suke ce mata.

Na_Gaya:
Ni dai ban janye ba.

Inna_Mai_Koko:
Wannan hira ta tuna mini da Baba, Allah ya jiƙansa. Saƙar zanar gamba ce sana'arsa da rani. Ba ya yanka sai an gama girbin gero, kara ya yi ƙwari ya fara ja, kan ya fitar da wannan fure mai kama da yatsu biyu a buɗe. Ya ce in ka yanka tana ɗanya zana za ta yanƙwane ta bar ƙofofi, maƙwabci ya ga abin da kake dafawa. Zai ɗauro dami-dami a jaki, a jingine su a bayan gida su sha iska. Ranar saƙa tun da asuba zai yayyafa musu ruwa don kada su karye, ya share ƙasa a gindin tsamiya, ya tsuguna. Yana ɗibar kara kamar cikin hannu guda, ya gitta wannan kan wancan a karkace, ya take da ƙafa, ya ja, ya sake gittawa. In ya kai baki sai ya lanƙwasa kan ya cusa ciki ya kitse, kamar ana kitson yarinya. Mu yara aikinmu miƙo kara. Ƙaiƙayin da ke bin wuya kuwa ba a magana, ga ganyen yana yanka yatsa siriri, ba ka ji sai ka sa hannu a miya. Hannunsa duk ya yi kanta har ba ya ji.

Kuma ku daina haɗa ta da tsaure. Tsaure in ka murza ganyensa ƙamshi yake yi, gamba ba ta da wannan.

Malam_Lauje:
Amin, Allah ya jiƙan Baba. Inna kin faɗi daidai, alama kin ga aiki da idonki. Abin da zan ƙara, masu yanka na yanzu ba su da haƙurin nan. Tun ba ta zubar da iri ba an bi ta da lauje, saboda kowa na tsoron wani ya riga shi. Kuma suna yankewa har ƙasa. Mu an koya mana ka bar kamar taki guda a gindi. To ba iri, ba hutu, ta ina za ta yaɗu? Wannan ma yana cikin amsar Ɗan_Tsakuwa, mu masu lauje muna da namu laifin.

Injiniya_Kano:
Ni fa ban ga abin kuka ba. Zana shekara biyu ko uku gara ta cinye, ga haɗarin gobara. Ka sa wa tsohuwa langa-langa ko ka ja bulo ka huta.

Uwar_Biyu:
Injiniya, ka taɓa zama a tsakar gidan da aka kewaye da langa-langa a watan Afrilu? Kamar tanda. Zana iska na ratsawa.

Bello_Ruga:
Ku kuna maganar danga, mu maganar ran dabba muke. Wanda bai yi kiwo ba bai san darajar gamba ba. A ƙarshen bazara, lokacin da harawa ta ƙare, karan dawa ya ƙare, saniya ta rame har kana ƙirga haƙarƙarinta, ita ce ke fara toho. Wani lokaci ruwa bai ma sauka ba, iskar damina kawai ta kaɗo da laima, sai ka ga kore na leƙowa daga tsakiyar busasshen gindi. Kyasuwa sai ta jira ruwa ya jiƙa ƙasa ta tsiro daga iri, kafin ta kai abin da saniya za ta kama da harshe an yi makonni. Wannan tazarar gamba ce ke cike ta. Baffana yakan ce makiyayar da ba gamba ba makiyaya ba ce, wurin wucewa ne.

Amma zan yarda da abu ɗaya don kada a ce na kare shanu ido rufe. Da, muna wucewa ne, dabba ta ci ta yi gaba, ciyawa ta huta. Yanzu an toshe burtali, an nome labi, sai a tara garke goma a ɗan filin da ya rage. Duk tohon da ya leƙo a cinye, gobe ma haka. Gindin yana ciyar da ganye daga ajiyarsa har ajiyar ta ƙare ya mutu. Haka ne, bakin saniya ne ya ƙarasa ta. Amma wa ya matse saniyar a wurin?

Ɗan_Tsakuwa:
Malam Bello na karɓi rabin maganarka. Rabin kuma ina riƙe da shi, don ƴan gindin da suka rage a iyakar gonar kawuna ba garma ce ta cinye su ba.

Ɗan_Shika:
Abin da Malam Bello ya gani da ido an auna shi. Tohon gamba yana da sinadarin gina jiki kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100, amma in ta tsufa ta yi kara yakan faɗo ƙasa da kashi 3. Shi ya sa dabba ke rububinta tana ɗanya, ta kau da kai in ta bushe. Lokacin da makiyayi ke sonta daban, lokacin da mai zana ke sonta daban.

Kada kuma a manta da fari. Bayan na 1973 da na 1984 ciyayi masu daɗewa irin gamba sun ja baya sosai a yankin Sahel, ciyayin shekara ɗaya suka maye gurbinsu. A wurare da yawa ba ta koma ba.

BaMaradi:
Wanga zance na Ɗan_Shika gaskiya ne, tsohhinmu na hwaɗin haka. Amma ni abin da ya ba ni mamaki cikin tambayar tun hwarko shi ne cewa wai ba a shuka ta. Mu nan shuka ta mukai. Da munka ga ta ƙare a daji, sai anka maido ta iyakar gona. In ka bi ƙauyukan Maradi da Dosso za ka ga layinta tsakanin gona da gona. Amfani ukku: ba mai ture maka iyaka da dare, tana tare rairayin da iska ke kwasa ta binne ƙaramin hatsi, kuma da kaka ka yanke ka yi zana ko ka saida. A Sadore kusa da Yamai, cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yi gwaji a kan layin gamba don tare iska. A Burkina Faso kuma, wajen Yatenga, suna dasa ta jikin jerin duwatsun da suke yi don tsaida ruwa.

Wanda ke son ya ga yadda take a mazauninta na asali, ba garma ba lauje, sai gandun daji na W, wanda ke kan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso. Can har yau tana shanye mutum.

Hajiya_Tudu:
To ya ake shukawar? Na taɓa zuba irin a bayan gida ko ɗaya bai fito ba.

BaMaradi:
Hajiya, iri wahala gare shi. Ba shi da nauyi, gashi ne duk jikinshi, iska na kwashewa, tururuwa na kwashewa, da yawa kuma ba ƙwaya ciki. Sabon iri ma ba ya son tsirowa sai ya kwana watanni. Mu gindi muke tsagawa. In damina ta zauna, wajen watan bakwai, ka sami babban gindi ka sa gatari ko hauya ka ɓalle gehe guda da saiwarshi, ka bar uwar. Ka rage ganyen, ka raba kamar cikin hannu-hannu, ka dasa taku guda-guda, ka take ƙasar da diddige. Shekarar hwarko kada ka bari dabba ta taɓa, kada ka yanka. Ta biyu za ka ga abin mamaki.

Baƙon_Darwin:
Ina karanta ku ina dariya ni kaɗai. Karatu ya kawo ni arewacin Ostireliya, kuma abin da kuke nema ido rufe, nan kuɗi ake kashewa don a hallaka shi. Ranar da na fara fita bayan birnin Darwin na hango ta gefen hanya, wallahi sai da na ce a tsaya. Na sauka na kama ganyen, ga farin layin nan, ga gashin. Na ce wa abokin tafiyata wannan ai ƴar garinmu ce. Ya kalle ni kamar na ce ɓarawon da ya addabe su ƙanena ne.

An kawo ta ne tun wajen 1931 don gwajin abincin shanu, daga baya aka fitar da wani iri mai suna Kent a 1978 aka raba wa masu kiwo. Sai ta tsallake shinge ta shiga daji. Ciyawarsu ta asali gajeruwa ce, ita kuwa ta kai mita huɗu ta yi cunkus. In wuta ta kama, bincikensu ya nuna zafinta kan kai ninki takwas na wutar ciyawarsu, harshen wutar yana kaiwa kan itatuwa ya kashe su. A hankali daji mai itatuwa ya koma gamba zalla. A 2008 aka ayyana ta muguwar ciyawa a yankin, a 2012 kuma ta shiga jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Har gandun dajin Litchfield ta mamaye wani sashe. Feshi suke mata, wani wurin da jirgi mai saukar ungulu.

Malam_Lauje:
Inna lillahi. Feshi? Su ba ni biza da lauje biyu.

Inna_Mai_Koko:
Ba su iya zana ba ne shi ya sa.

Baƙon_Darwin:
Inna kin yi wasa amma akwai gaskiya a ciki. A gida tana da masu cinta ta kowane gefe: saniya, mai lauje, gara, mai garma. Nan ƙasa ce mai faɗi, mutane kaɗan, inda ba a kiwo ba mai taɓa ta sai wuta, ita kuwa wuta ba ta kashe gindinta.

Ɗan_Shika:
Ba can kaɗai ta je ba. Wani iri da aka ɗauka daga Shika nan kusa da Zariya a 1973 an kai shi Kolombiya, cibiyar binciken noma ta CIAT ta gwada shi, aka fitar da shi a 1980 da sunan Carimagua 1, a Brazil kuma Planaltina. Sun so shi ne don yana yi a ƙasa mai tsami marar ƙarfi inda wasu ciyayin ke gazawa. Shanun Kudancin Amurka na cin gambar Zariya, mu kuma muna jiran ranar kasuwa.

Injiniya_Kano:
To kun ji abin da na ce game da gobara. Ku dasa ta kusa da gida ku gani.

Maharbi_77:
Wuta ba ta kashe gamba, gyara ta take. Mu muna sa wa daji wuta kuma bayan sati biyu ka ga toho.

Bello_Ruga:
Ku kuna sa wuta don gafiya da zomo, ba don gyara ba. Kuma akwai bambanci. Wutar farkon kaka, ciyawa da sauran laima, tana lashe sama ta wuce. Wutar watan Maris, komai ya bushe ƙayau, tana cin har cikin gindi, ta ƙone ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara. Kuma tohon da kake murna da shi daga ajiyar saiwa yake fitowa ba ruwa. A yi haka kowace shekara a sa dabba a kai, ka ga ƙarshenta.

Uwar_Biyu:
Wutar maharba ce ta cinye mana rumbu biyu wata shekara. Da la'asar muka hango hayaƙi, kafin maza su dawo daga kasuwa ta bi ciyawa ta iso. Ƙarar fashewar karan kamar ana harbi. Da ganyen dalbejiya da bokiti muka tare ta a bakin danga. Gero dami nawa ya tafi, har yau ba wanda ya ce shi ne.

Maharbi_77:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Ba duka muke haka ba.

Tsohon_Malamin_Gona:
Na makara, amma bari in koma kan tambayar farko don akwai abin da ba a taɓo ba. Ku tambayi tsofaffi yadda suke gane saura ta huta. In aka bar gona, shekarun farko kyasuwa da ire-irenta ne ke rufe ta. Sai an ɗauki shekaru kafin gamba ta shigo ta kafa gindi. Ganinta shi ne alamar ƙasa ta dawo da ƙarfinta, a sake sharewa. Saiwarta da ke ruɓewa a ƙasa tana cikin abin da ke gyara wurin. Wato ban da daji da gefen fadama, babban mazauninta a ƙasar Hausa saura ce. Yau wa ke barin gona ta huta shekara biyar? Gonar da kaka ya noma shi kaɗai jikoki goma sha ne a kanta. Ga maganin feshi da ake bi da shi har kan iyaka. Ba wanda ya tashi da niyyar kashe gamba, wurin kwananta aka raba gado.

Ɗan_Tsakuwa:
Baba wannan ta shige ni. Yanzu da na tuna, inda muke bin akuyar nan tsohuwar gonar kakanmu ce da aka bari. Amma har yanzu ban wanke shanu tas ba, Malam Bello ya yi haƙuri.

Bello_Ruga:
Na saba.

Ɗan_Tsakuwa:
Zan gwada dabarar BaMaradi a iyakar gonar tsohuwa in damina ta zauna. Matsalar ita ce inda zan sami gindin. Wuri ɗaya na ga ta yi kyau a garin, cikin maƙabarta, don an kewaye ba dabbar da ke shiga.

Inna_Mai_Koko:
A'a ɗana, kada ka kai gatari maƙabarta. Ka nemi wani wurin.

Malam_Lauje:
Duba gefen layin dogo in akwai kusa da ku, ko bayan katangar makarantun kwana, ko bakin kwazazzabo inda garma ba ta zuwa. Ka tabbata gamba ce ba kyara ba, ka duba farin layin. Kuma ka tambayi mai wurin kafin ka sara.

Hajiya_Tudu:
In ka samu ka ɓallo da nawa. BaMaradi, taku guda ɗin nan na namiji ne ko nawa ma ya isa?

BaMaradi:
Naki ya isa Hajiya, sai ta hi saurin haɗewa. Awakin maƙwabta dai za ki yi tunani.